Kimiyyar Tunani: Tambayoyin Majalisar Agege da Amsoshinsu

Tun ranar da aka ji cewa karatuna ya shafi ƙwaƙwalwa, ban sake shan shayi cikin natsuwa ba a majalisarmu ta bayan Isha'i a Agege. Wannan ya kawo ƙarar mantuwa, wancan ya ce in duba masa yaronsa mai ƙiriniya. Akwai ma dattijon da ya kafa mini ido ya ce, "To ɗana, faɗa mini abin da ke raina yanzu." Na ce, "Baba, da na iya wannan ai da ba a gidan haya nake ba." Ni ba likita ba ne, ba kuma ɗan duba ba. Abin da na karanta shi ne fannin da nake kira kimiyyar tunani, kuma tambayoyin nan su ne waɗanda suka fi dawowa, wasu daga teburin mai shayi, wasu daga 'yan'uwa na Mile 12 da Idi-Araba.

Mece ce kimiyyar tunani?

Nazari ne na yadda hankali ke gudanar da aikinsa: gani da ji, kula da abu ɗaya a bar goma, tunawa da mantawa, haɗa magana, lissafi, yanke shawara. Ana yin sa ne da gwaji da awo.

Ka tsaya a Oshodi ka kalli kwandastan danfo na minti biyar. Yana rataye a ƙofa, yana kiran sunan tasha, kuɗi na nannaɗe a tsakanin yatsunsa, yana riƙe a ka wanda ya ba shi dubu ɗaya da wadda ke bin sa canjin ɗari biyu, kunnensa na jiran mai cewa zai sauka, ya zagi direban da ya matse su da Yarbanci, ya juyo ya amsa wa fasinja da Turancin buroka. A wajensa aikin yau da gobe ne. A wajenmu kuwa tambayoyi ne jibge. Mutum nawa zai riƙe kafin lissafin ya kuɓuce masa? Me ke faruwa a kansa a ɗan tsakanin da yake sauya harshe? Ta yaya ya tsinci murya ɗaya cikin wannan hayaniya?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka fannoni shida suka yi wa tambayoyin taron dangi: ilimin halayyar ɗan Adam, ilimin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kimiyyar harshe, ilimin kwamfuta, nazarin al'adun al'umma, da falsafa. Wani rahoto da Gidauniyar Sloan ta Amurka ta sa aka rubuta a 1978 ya zana su a matsayin kusurwoyi shida na abu guda, kuma har yau da wannan zanen ake buɗe wa ɗalibai darasi.

Malam, ashe ba aikin likitocin Yaba ba ne?

A'a. Likitan asibitin taɓin hankali na Yaba yana duba wanda hankalinsa ya samu matsala ne don ya ba shi magani. Mu kuwa tambayarmu ita ce yadda lafiyayyen hankali ke aiki tun farko. Bakanike da wanda ya ƙera injin suna amfana da juna, amma sana'arsu daban ce. Wanda ke da mara lafiya a gida, asibiti zai kai shi.

Yaushe aka fara wannan ilimi?

Tambayoyin sun tsufa. Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra ya rubuta Kitabul Manazir a Masar a farkon ƙarni na 11, ya tabbatar da cewa haske ne ke shigowa ido, ba ido ke fitar da haske ba. Ya ƙara da abin da ya fi burge ni: cewa gani ba ya cika sai hankali ya yi kwatance da hukunci cikin saurin da mai ganin ba ya ma lura ya yi. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kasa ƙarfin hankali na ciki gida-gida, da mai tattara abin da gaɓoɓi suka kawo, da mai surantawa, da mai ajiya, ya kuma ce mazauninsu ƙwaƙwalwa.

Awo da agogo kuwa sai ƙarni na 19. Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Leipzig ta Jamus a 1879. Daga nan aka samu tangarɗa. A 1913 John Watson na Amurka ya ce a daina maganar abin da ke cikin kai tunda ba a ganinsa, a tsaya ga abin da aka yi wa halitta da martanin da ta mayar. Wannan ra'ayi ya mamaye Amurka shekaru kusan arba'in, aka yi ta horar da ɓeraye da tantabaru.

Ɓerayen ne ma suka fara tona asiri. Edward Tolman ya nuna a 1948 cewa ɓeran da ya saba da lunguna, in an toshe masa hanyar da ya saba bi, yakan yanke ta wata ya nufi inda abinci yake, kamar mai taswira a ka. Sai 1956 ta zo. Ranar 11 ga Satumba, a wani taro a jami'ar MIT ta Amurka, Allen Newell da Herbert Simon suka gabatar da manhajar da ke warware hujjojin manɗiƙi, Noam Chomsky ya yi bayani a kan tsarin nahawu, George Miller ya yi magana a kan iyakar abin da mutum ke iya riƙewa a ka. Miller ya ce daga baya a ranar ce aka haifi fannin. Kwamfuta ce ta ba su ƙwarin gwiwa, domin ga na'ura tana ajiye bayani tana sarrafa shi a cikinta, kuma babu mai cewa tsafi ne. A 1959 Chomsky ya yi wa littafin B. F. Skinner, jigo a masu ra'ayin Watson, kan harshe kaca-kaca, yana cewa yaro na faɗin jimlolin da bai taɓa ji ba, saboda haka kwaikwayo da lada ba su isa bayani ba. Sunan fannin ya fito a 1973 daga alƙalamin Christopher Longuet-Higgins, mujallarsa ta fara fita a 1977, ƙungiyar masanansa ta kafu a 1979.

Me zai hana a tambayi mutum kawai yadda yake tunani? Ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma amsarta ba ta da daɗin ji. A wannan ɗakin, mai shi bai san inda yake yoyo ba.

A 1977 Richard Nisbett da Timothy Wilson suka ba da rahoton wani ɗan gwaji. An jera safa ƙafa huɗu a teburi, aka ce masu wucewa su zaɓi wadda ta fi inganci. Duk iri ɗaya ne. Mutane suka fi zaɓen ta ƙarshen dama, kusan ninki huɗu a kan ta ƙarshen hagu. Da aka tambaye su dalili, wannan ya ce laushi, wancan ya ce saƙa. Da aka ce ko inda aka ajiye ta ne ya ja su, sai suka musanta. Ba ƙarya suke yi ba. Hankali ne ke yin aikinsa a ɓoye, sannan baki ya kawo labari mai ma'ana, mai shi kuma ya gaskata.

Ka gwada da kanka. Wane ne ya koya maka cewa "motar Audu" ake cewa amma "gidan Audu", kuma me ya sa kake cewa "sun tafi" amma "waɗanda suka tafi"? Kana bin ƙa'idar ba kuskure tun kana ɗan shekara huɗu, amma in ba ka karanta nahawu ba ba za ka iya bayyana ta ba. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Kusan duk dabarun wannan fanni hanyoyi ne na tambayar fuska maimakon baki.

To ta yaya ake auna abin da ba a gani?

Hanya mafi tsufa ita ce agogo. A 1868 Franciscus Donders na Holan ya yi wani tunani mai sauƙi. Ka auna lokacin da mutum ke ɗauka ya amsa da zarar ya ga alama ɗaya. Sannan ka ba shi alama biyu, kowace da amsarta, ka sake aunawa. Na biyun zai fi tsawo, kuma rarar da ke tsakani ita ce lokacin bambancewa da zaɓi. Amsa mai sauƙi ga haske takan ɗauki kimanin rubu'in daƙiƙa, don haka ana ƙirga daƙiƙa ne kashi dubu.

Ga wanda za ka yi a gida, wanda John Ridley Stroop ya wallafa a 1935. Ka rubuta JA da shuɗin biro, KORE da jan biro, BAƘI da koren biro, ka cika shafi. Ka ce wa ɗan boko ya faɗi launin tawadar da sauri, kada ya karanta kalmar. Za ka ji harshensa na sarƙewa. Ka ba wanda bai iya karatun boko ba, zai wuce sumul. Abin da wannan ya nuna shi ne karatu, in ya zauna, ba ya neman izininka, da kansa yake faruwa har ya yi karo da abin da ka yi niyya.

Amma ƙashin bayan komai shi ne tsarin gwajin. Ana canza abu ɗaya tak, a bar sauran yadda suke. Ana raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, don kada masu ƙoƙari su taru a gefe guda. Sannan ana ɓoye wa mai gudanar da gwajin amsar da ake fata. Dalilin wannan na ƙarshe wani doki ne a Balin mai suna Hans, wanda aka ce ya iya lissafi: a tambaye shi, ya buga kofato daidai adadin. Oskar Pfungst ya bincika, ya wallafa a 1907 cewa dokin na faɗuwa warwas in mai tambayar bai san amsar ba. Ashe ɗan motsin kan mai tambaya yake kallo, wanda shi kansa mutumin bai san yana yi ba. Duk lokacin da aka ce mini wani na da baiwar sanin ɓoye, dokin nan nake fara tunawa.

Gaskiya ne akwai na'urar da ke karanta tunanin mutum?

Ba yadda ake nunawa a fim ba. Na'urori biyu aka fi amfani da su, kowace da gurguwar ƙafarta.

Ta farko EEG, wadda Hans Berger na Jamus ya fara gwadawa a kan mutum a 1924. Ana manna wayoyi a fatar kai su ɗauki ɗan lantarkin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke fitarwa. Tana da sauri ƙwarai, amma ba ta iya nuna takamaiman wurin da abin ya fito, kamar wanda ke wajen filin wasa na Surulere yana jin ihu: ya san lokacin da aka ci ƙwallo, bai san wanda ya ci ba. Da ita Marta Kutas da Steven Hillyard suka gano a 1980 cewa in jimla ta ƙare da kalmar da ba ta dace ba, kamar ka ce "na sha shayi da takalmi", ƙwaƙwalwa na yin wani zillo kimanin kashi 400 cikin 1000 na daƙiƙa bayan kalmar.

Ta biyu fMRI, wadda ta ginu a kan binciken Seiji Ogawa na 1990. Ita tana nuna wuri, amma jini take bi, domin inda ya yi aiki jini mai iskar shaƙa na kwararowa can bayan 'yan daƙiƙoƙi. Launukan da kake gani a hoton sakamakon lissafi ne. A 2009 Craig Bennett da abokansa suka saka mataccen kifi a na'urar, suka nuna masa hotunan mutane, kuma da suka yi lissafin da sakaci sai ga "aiki" ya bayyana a kan kifin. Da gangan suka yi, don su ja kunnen 'yan'uwansu masu bincike.

Kafin na'urori, da me ake gane aikin sassan ƙwaƙwalwa?

Da marasa lafiya. A 1861 Paul Broca ya duba wani mutum a Faris da ke fahimtar magana amma ba ya iya furta komai sai "tan". Da ya rasu aka samu lahani a gaban ɓarin hagu na ƙwaƙwalwarsa. Duk wanda ya yi jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ya san cewa in dama ce ta shanye, sau da yawa magana na tafiya tare da ita. Dalilin ke nan: ɓarin hagu ke juya daman jiki, kuma a yawancin mutane nan harshe ya fi zama.

Wanda ya fi koya mana shi ne Henry Molaison. A 1953, yana ɗan shekara 27, aka yi masa tiyata saboda farfaɗiya, aka cire wani sashe na ƙwaƙwalwarsa a ɓangarori biyu da ya haɗa da hifokamfas, wani ɗan yanki da ke can ciki. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar bai sake ajiye sabon labari ba. Brenda Milner ta yi shekaru tana zuwa wajensa, kullum sai ta gabatar da kanta. Ta sa shi bin zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi. Kwana uku yana ƙara gwanancewa, alhali kowace safiya cewa yake bai taɓa yi ba. Daga nan aka san ajiyar hannu daban, ajiyar labari daban. Ya rasu a 2008.

Yaya, an ce tuƙi na canza ƙwaƙwalwa. Mu da muka haddace lungunan Legas fa?

Maganar daga Landan ta fito. Direban tasi a can sai ya haddace tituna kimanin 25,000 kafin a ba shi lasisi. A 2000 Eleanor Maguire ta auna ƙwaƙwalwarsu ta ga bayan hifokamfas ɗinsu ya fi na sauran mutane girma. Mai wayo zai ce, to wa ya sani ko masu babban hifokamfas ne tun asali ke shiga sana'ar? Wannan tambaya ce ta gaskiya, domin tafiyar abu biyu tare ba ta nuna ɗaya ne ya haifi ɗayan. Sai ta kwatanta su da direbobin bas masu bin hanya ɗaya kullum, ta ga na tasin sun fi. Sannan ta bi masu koyo tun daga farko har shekaru uku zuwa huɗu, aka wallafa a 2011: waɗanda suka ci jarrabawar sashen ya ƙaru, waɗanda suka faɗi bai ƙaru ba. Ka lura da matakan nan uku, su ne darasin. Mai keke da ke ratsa Mushin zuwa Ijora ba tare da taswirar waya ba irin wannan aikin yake sa kansa.

Me ya sa nake kasa riƙe lambar NIN, alhali ɗan'uwana ya haddace izu sittin?

Rumbu biyu ne. Na riƙon ɗan lokaci ƙarami ne ƙwarai. Miller ya ce abu bakwai, a ƙara biyu ko a rage biyu, daga baya Nelson Cowan ya ce a 2001 abin ya fi kusa da huɗu. Lambar NIN da ta BVN da ta waya duk goma sha ɗaya ne, sun fi ƙarfinsa. Shi ya sa kowa ke karanta lambar waya gutsure-gutsure, huɗu, uku, huɗu, kuma 0803 ta zama abu guda a kanka.

Hadda kuwa rumbun dogon zango ce. Hermann Ebbinghaus na Jamus ya wallafa a 1885 gwajin da ya yi a kan kansa da gaɓoɓin kalma marasa ma'ana: mantuwa na da gudu a sa'o'in farko, sannan ta lafa, kuma maimaicin da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka dunƙule a zama ɗaya. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka nuna cewa rufe littafi ka kawo da ka ya fi sake karantawa zaunar da abu. Alarammomi ba su jira Jamus ba. Ba a wanke allo sai an biya da ka, kuma tilawar dare da muraja'a su ne rarraba maimaici.

Sai dai a yi hattara. Sylvia Scribner da Michael Cole sun yi nazarin ƙabilar Vai a Laberiya, inda ake da masu karatun boko, da masu rubutun Vai, da masu karatun allo, suka wallafa a 1981. Masu karatun allo sun yi fice a gwajin da ake ƙara kalma ɗaya-ɗaya ana riƙewa a jere, wato irin yadda suka saba. A sauran gwaje-gwajen tunawa ba su yi wa kowa nisa ba. Gwaninta takan tsaya kusa da inda aka horar da ita, shi ya sa gwani ma na iya manta inda ya ajiye makulli.

Ƙwaƙwalwa kwamfuta ce?

Kwatance ne mai amfani, mai kuma iyaka. David Marr, a littafinsa da ya fito a 1982 bayan rasuwarsa, ya ce a riƙa yin tambaya uku. Wane aiki ake son yi? Da wane tsari ake yin sa? A kan wane abu yake gudana? Dillalin tumatir a Mile 12 na son jimillar kwando goma sha bakwai. Aikin ɗaya ne ko a ka, ko a kalkuleta. Tsarin ya bambanta, domin shi yakan yi na ashirin ne ya cire na uku. Abin da ke ɗauke da aikin ma ya bambanta, nama da silikon. Masu bincike kan rubuta manhaja mai bin tsarin da suke zato, su duba ko za ta yi jinkiri da kuskure a inda mutum ke yi. In ba ta yi ba, zaton ya faɗi.

Manhajoji irin ChatGPT jikokin wannan layi ne, tun daga lissafin ƙwayar jijiya na McCulloch da Pitts a 1943. Amma an ciyar da su rubutun da mutum ba zai karanta ba ko zai yi rayuwa dubu, alhali yarinya 'yar shekara uku ta kama Hausa daga hirar tsakar gida. Ƙwaƙwalwa, mai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, wutar da take ci ba ta wuce ta ƙaramin ƙwan fitila ba, wat 20 ko kusa.

An ce kashi goma cikin ɗari na ƙwaƙwalwa kawai muke amfani da shi.

Ƙarya ce. Gaɓar da nauyinta bai wuce kashi 2 cikin ɗari na jiki ba amma take cin kusan kashi 20 na kuzarinsa ba zaman banza take yi ba.

Jariri ba ya magana. Ta yaya ake gwada shi?

Da kallonsa da juyin kansa. Janet Werker da Richard Tees, a Kanada a 1984, sun koya wa jarirai juya kai su ga ɗan abin wasa duk lokacin da sautin da ake kunna musu ya canza. 'Ya'yan masu Turanci 'yan wata shida zuwa takwas sun bambance sautukan Hindi da iyayensu ba sa ji. Zuwa wata goma zuwa sha biyu, yawancinsu sun daina. Kunne na daidaita kansa da harshen gida tun kafin a fara tafiya.

Shi ya sa maƙwabcinka Bayarabe ke jin kafa da ƙafa, ko bari da ɓari, kamar abu ɗaya. Kada ka yi dariya. A Yarbanci miji da fartanya da mota duk "ọkọ" ne, karin sauti ke raba su, kuma Allah kaɗai ya san sau nawa muka tambayi matar mutane ina fartanyarta. Yaran da aka haifa a Agege kuwa, masu jin harsunan biyu tun suna goye, suna tashi da kunne biyu.

Na gani da idona. Wannan ma akwai shakka?

Gani ya kori ji, amma bai kori kuskure ba. A gwajin Daniel Simons da Christopher Chabris na 1999, an sa mutane ƙirga jifan ƙwallo a bidiyo, wani sanye da rigar goggon biri ya ratsa ta tsakiya, kusan rabinsu ba su gan shi ba. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna fim ɗin haɗarin mota, suka tambayi wasu da kalma mai nufin motocin sun ragargaji juna, wasu da mai nufin sun bugi juna. Bayan mako guda aka ce, kun ga fasasshen gilashi? Mutum 16 cikin 50 na rukunin farko suka ce e, na biyu 7 cikin 50. Babu gilashi a fim ɗin. Tunawa sake gini ce, kuma kalmar mai tambaya na shiga cikin ginin. Masu sasanta rigimar kasuwa su riƙa jin shaidu ɗaya-ɗaya, kafin su haɗu su daidaita labari.

Duk Turawa kake ambata. Sakamakonsu ya shafe mu?

Nan ne ciwon yake. Joseph Henrich da abokansa sun nuna a 2010 cewa kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka gwada a manyan mujallun fannin halayya sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya, da yawansu ɗaliban jami'a. Ko ruɗin ido bai zama ɗaya ba. Akwai zanen layi biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya da kibiyoyi masu kallon ciki, ɗaya masu kallon waje. Wani bincike na 1966 ya samu Amurkawa sun fi kowa ruɗuwa da shi, mutanen San na hamadar Kalahari kuwa da ƙyar yake taɓa su.

Labarin da na fi so daga Laberiya yake. Joseph Glick ya ba manoman Kpelle kaya su kasa. Suka haɗa wuƙa da lemo, tunda da ita ake yanka shi, maimakon kayan aiki gefe, abinci gefe, suna cewa haka mai hankali zai yi. Da ya ce to yaya wawa zai yi, sai suka kasa su tsaf yadda yake jira tun farko. A Recife ta Burazil, wani nazari na 1985 ya samu yara masu talla suna cin kusan duk lissafin ciniki a bakin titi, amma da aka ba su lissafin nan a takarda ba su ci ko rabi ba. Duk wanda ya ga yaron mai canji a Broad Street yana juya dala zuwa naira kafin ka buɗe waya ya san irin wannan. Sau da yawa gwajin ne baƙo, ba mutumin ne ya gaza ba.

To a yarda da binciken nasu ko kuwa?

A yarda gwargwadon yadda aka maimaita shi. A 2015 masu bincike 270 ƙarƙashin jagorancin Brian Nosek suka sake gwaji 100 da aka riga aka wallafa. Kashi 36 ne kawai suka ba da sakamako mai ƙarfi a karo na biyu. Na ɓangaren tunani da fahimta sun kai kusan rabi, na halayyar zamantakewa kusan rubu'i. Sanadin sananne ne: mutane kaɗan a gwaji, juya lissafi har sai ya ba da abin da ake so, da mujallun da ba sa buga "ba mu samu komai ba". Yanzu ana rubuta tsarin bincike a ajiye a fili kafin a fara, ana kuma sakin alƙaluman kowa ya duba. Gwajin Stroop dai bai taɓa ba da kunya ba.

Malam, ina ruhu a cikin wannan duka?

Awo bai kai can ba, kuma mai gaskiya a fannin ba zai ce ya kai ba. Aya ta 85 a Suratul Isra'i ta ce ruhu na daga al'amarin Ubangiji. Imam Ghazali a Ihya ya bambance tsokar da ke ƙirji da zuciyar da ake nufi da sani da ganewa. Abin da ake aunawa shi ne lokaci, kuskure, lantarki, jini. Dalilin da ya sa duk wannan ke zuwa da ɗanɗano, har kai ka ji zafin barkono a matsayin naka, shi ne abin da David Chalmers ya kira matsala mai wuya a 1995, kuma masana na ta kai ruwa rana a kanta.

Ɗana na son ya karanta. Daga ina zai fara a nan Legas?

Ta ɗaya daga ƙofofin nan shida zai shiga. Jami'ar Legas a Akoka na da sashen halayyar ɗan Adam, da na harsuna, da na kwamfuta, kwalejin likitancinta kuma na Idi-Araba. Jami'ar Jihar Legas a Ojo ma na koyar da halayyar ɗan Adam. Ko wanne ya zaɓa, kada ya guji lissafin ƙididdiga, ya kuma koyi Python ko R, harsunan rubuta manhajar kwamfuta. Akwai manhaja kyauta mai suna PsychoPy da ake tsara gwajin saurin amsa da ita a ƙaramar kwamfuta.

Ba sai ya jira digiri ba. Ya nemi izinin shugabannin kasuwa, ya bayyana wa kowa abin da zai yi, wanda ya ƙi a ƙyale shi, kada kuma ya rubuta sunan kowa. Ya samu dillalai talatin, ya shirya lissafi ashirin masu nauyi ɗaya, goma da baki cikin harshen ciniki, goma a takarda. Ƙuri'a ce za ta nuna wanda zai fara da na baki da wanda zai fara da na takarda. Ya rubuta abin da yake zato a littafi tun a gida, ya sa kwanan wata. Kuma ya je bayan Azahar, don da safe lokacin sauke kaya babu wanda zai saurare shi.